IRI DA GADO: ABIN DA YA KAMATA MU SANI KAFIN YANKAN HATSI

Hatsi ya fara nuna a tudu. Masu albasa na fadamar Tarka da na Magiya sun fara gyaran wurin aikin rani. Yanzu ne lokacin zancen iri, tun ba a shiga yanka ba.

Wata tambaya ce ta jawo wannan rubutu. Ran nan a ajinmu na karatun manya muna rubuta kalmar "akuya" a allo, sai wani magidanci ya ɗaga hannu. Ya ce: "Malam, akuyar maiɗakina ja ce, bunsurun da ya hau ta ja ne, ga shi ta haifi baƙin ɗa. Daga ina baƙin ya fito?" Aji ya kwashe da dariya. Wani ya ce bunsurun maƙwabta ne ya tsallako danga. Mutumin ya rantse akuyar tana ɗaure a turke. Sai wani dattijo da ke zaune baya ya ce: "Je ka tambayi kakannin akuyar."

Dattijon nan bai taɓa shiga lakkol ba, amma shi ya faɗi daidai. Ni kaina ban wuce aji shida ba. Sai da na je wurin malamin dabbobi da malamin gona, na yi tambaya, na karanta abin da suka ba ni, sannan na gane maganarsa. Ga abin da na samo.

KOWANE ƊA RABO BIYU GARE SHI

Jikin mutum da na dabba da na tsiro, duk an gina su da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa. A jikin zaruruwan nan ne Allah ya ajiye rubutun halitta: launin gashi, tsawon kara, siffar ƙaho, lokacin da hatsi zai fid da kai. Mu a aji muna fama da baƙaƙe fiye da 20. Wannan rubutu kuwa da baƙaƙe 4 kawai aka yi shi, amma tsawonsa ya fi na kowane littafi. Kowane yanki nasa da ke kula da wani hali, shi masana ke kira ƙwayar gado.

Zaruruwan nan bibbiyu suke, kamar takalmi. Mutum yana da ƙafa 23, akuya da saniya ƙafa 30, albasa 8, hatsi 7. A kowace ƙafa, wari guda daga uwa ya zo, wari guda daga uba. In ɗan ya girma zai haihu, shi ma rabi kawai zai ba ɗansa. To, a nan ne abin yake. Wani hali yana da ƙarfi, in ya gamu da mai rauni sai ya rufe shi. Mai raunin bai mutu ba. Yana nan kwance cikin jiki, ana miƙa shi daga uwa zuwa ɗiya, har ranar da ya gamu da ɗan uwansa.

Wanda ya fara ƙidaya wannan abu wani malamin addinin Kirista ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno, cikin ƙasar da ake kira Cek a yau. Ɗan manoma ne kamarmu. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin wake na Turai a lambu. Ya haɗa mai dogon kara da mai gajeren kara. Ƴaƴan duk suka fito dogaye, sai ka ce gajere ya ɓace. Ya sake shuka ƴaƴan waɗannan dogayen. Sai ga gajere ya dawo. Ya ƙirga: dogaye 787, gajeru 277. Wato a cikin kowane huɗu, uku dogaye, ɗaya gajere. Ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya kula. Sai a 1900, bayan ya mutu da shekara 16, aka gane darajar aikinsa.

Mun gwada wannan a aji, kuma kowa yana iya gwadawa a gida. Samu ƙwarya biyu, ɗaya uwa, ɗaya uba. A kowace zuba jan wake 20 da farin wake 20, ka gauraya. Rufe ido, ɗauki ƙwaya guda a nan, guda a can, ka duba, ka mayar. Ja shi ne mai ƙarfi. Ja da ja, ɗa ja ne. Ja da fari, ɗa ja ne amma yana ɗauke da fari a ɓoye. Sai fari ya gamu da fari sannan farin zai bayyana. In ka yi sau da yawa kana ja layi a ƙasa, za ka ga fari da fari yana zuwa wajen sau ɗaya cikin huɗu. Mai tambayar nan da kansa ya ɗebi waken. Da ya ga fari biyu a tafinsa sai ya ce: "Ashe na ɗauki alhakin bunsurun mutane." Akuyarsa da bunsurun duk suna ɗauke da baƙi a ɓoye, ja ya rufe shi.

Bari in ɗan ratse, don abin ya shafi gidajenmu. Ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, ta wannan hanya yake zuwa. Uwa lafiya lau, uba lafiya lau, amma kowannensu yana ɗauke da rabin ciwon. Kowane ciki da za a yi, akwai ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da shi. Haka zabiya. Na san matan da aka yi wa gori, har da wadda aka saka, wai ita ta kawo ciwo cikin dangi. Wannan zalunci ne, don yaro ba ya samun sikila sai rabin uba ya gamu da rabin uwa. Gwajin jini a gidan likita kafin a ɗaura aure yana nuna mai ɗauke da shi, kuma ya fi zama dole in auren zumunci ne. Haka nan mai fushi don matarsa tana haihuwar ɗiya mata, ya sani abin da ke sa ciki ya zama namiji ko mace daga wajen uba yake fitowa.

BA KOMI AKE GADO BA

Bafillace yana tsaga kunnen saniya, ko ya yi mata lalas da wuta. Haka kakanninsa suka yi. Amma maraƙi bai taɓa faɗowa da tsagaggen kunne ba. Abin da ya samu jiki daga waje ba ya shiga rubutun gado.

Wannan ya shafi mai zaɓen iri ƙwarai. Hatsin da ya tsiro ƙarƙashin gawo, ko kusa da suri, ko inda shanu suka kwana da rani, kullum shi ya fi girma. Ido yana ruɗuwa da shi. Amma girman nan na taki ne. In ka kai ƴaƴansa kan jigawa, za su koma kamar sauran. Hatsin da ya kamata ka duba shi ne wanda ya fi maƙwabtansa alhali ƙasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Wannan fifikon ne ke da alamar daga jini yake.

HATSI BA YA AURE A GIDA

In hatsi ya fid da kai, je ka duba da safe. Da farko za ka ga wani farin gashi mai laushi ya rufe zangarniya. Wannan shi ne ɓangaren mace. Sai bayan kwana biyu ko uku bununi zai fito, shi ne ɓangaren namiji. Tun da mace ta riga fitowa, yawanci bununin wani kara ne iska ke kawo mata, wani lokaci ma daga gonar maƙwabci. Ke nan ƙwayoyin da ke jikin zangarniya guda uwarsu ɗaya, ubanninsu da yawa. Shi ya sa ba ka taɓa ganin gonar hatsi da kowane kara ya yi daidai da ɗan uwansa. Wake ba haka yake ba, shi furensa yakan wadatu da kansa, don haka irinsa ya fi daɗewa bai gauraya ba. Albasa kuwa ƙudan zuma da ƙudaje ke yi mata wannan aiki.

Daga nan shibra take. Hatsinmu asalinsa ciyawar daji ce, kuma har yanzu danginsa na daji suna tsirowa a arewa, wajen Azawak da Ayar. Na daji yana zubar da ƴaƴansa ƙasa da zarar sun nuna. Wani lokaci wajen kwafar rubutun gado akan samu canjin harafi guda. Mu da muke koyon rubutu mun san wannan: ka manta da lanƙwasar "ƙ", baƙi ya koma baki. Irin wannan canji ne ya ba da hatsin da ke riƙe ƴaƴansa a zangarniya. Mutanen da suka ga wannan, shi suka riƙa tarawa suna shukawa. Masu tonon tarihi sun samu alamar hatsin gida mai shekara wajen 4,500 a kwarin Tilemsi, cikin Mali. Shibra kuwa ruwa biyu ce, jinin gida da jinin daji. Tana saurin nuna, tana zubar da ƴaƴa, bununinta yana shiga hatsi mai kyau.

Ba zan zagi shibra duka ba. Tsofaffi sun sani, a shekarar yunwa ita ake fara yanka a yi fura kafin hatsi ya nuna. Amma ta ci a ciki, kada ta shiga iri.

Mu a gidanmu mun ɗanɗana. Fari da fara sun ɓata damanar 2004. A 2005, ina yaro, muka cinye komi, har damman iri da mahaifina ya ware. Da ruwa ya sauka sai ya je kasuwa ya auno tiya uku, bai san gonar da ta haife su ba. Ga ganye kore shar, kowa na yi masa barka. Da aka zo fid da kai, wani dogo, wani gajere, shibra ko'ina. Abin da ta zubar a ƙasa ya sake tsirowa baɗi. Sai da ya je ƙauyen kakata ya roƙo irin gidansu, muka yi damina huɗu muna cire shibra da hannu, kafin gonar ta dawo hayyacinta.

HATSIN KAKA DA HATSIN JIKA

Yanzu ga labarin da ya fi ba ni mamaki. A 1976 wasu masana suka zagaya ƙauyukan Nijar suna karɓar irin hatsi wurin manoma, suka adana shi. A 2003 aka koma ƙauyuka 79 daga cikin waɗannan, aka sake karɓar iri. Sai aka shuka na 1976 da na 2003 gefe da gefe, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, har damina uku. Masanan Faransa da na Nijar ne suka yi aikin tare, aka buga sakamakon a 2011.

Sunayen iri ba su canja sosai ba. Mai Zango yana nan da Zangonsa, mai Gergera yana nan da Gergerarsa. Amma hatsin ya canja. Na 2003 ya fi saurin fure, karansa ya fi gajarta, zangarniyarsa ma haka. Har sun gano wata ƙwayar gado da ke sa saurin fure. A 1976 wajen kashi 10 cikin 100 take. A 2003 ta kai kashi 18.

Wa ya yi wannan aiki? Ku tuna abin da ya faru tsakanin shekarun nan. Bayan farin 1973 aka yi na 1984, kuma damina ta riƙa gajarta. In ruwa ya ɗauke da wuri, karan da ya makara ba ya cika ido. Wanda ya yi sauri shi ke ba da zangarniya cikakka, ita manomi ke ɗauka ya ajiye. Baɗi masu sauri sun ƙaru kaɗan. Baɗin baɗaɗa sun ƙara. Ba wanda ya zauna ya shirya. Fari ya tankaɗe, hannun manomi ya tsince. Iyayenmu suna cewa irin kakanninsu suke shukawa, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai irin ya bi zamani ba su sani ba.

Wannan shi ne abin da wani Bature na Ingila, Charles Darwin, ya bayyana a 1859. Ƴaƴa ba sa zama daidai da juna. Ana haihuwa fiye da abin da zai rayu. Wanda halinsa ya dace da wuri shi ke barin zuriya, a hankali sai jinsin ya sake. Shi ma wurin masu kiwon tantabaru da manoma ya ɗauki darasi mai yawa. Mun ga irinsa ga nibakin. Da can ita ce maganin zazzaɓin sauro. Ƙwayoyin cutar da suka jure mata su suka rayu suka yaɗu, har likita ta daina ba da ita.

Amma a lura da abu guda. Hatsin ya iya bin zamani ne domin gonakin iyayenmu cike suke da bambanci, akwai mai sauri, akwai mai jinkiri. Da duk iri ɗaya ne tak, da fari bai samu abin tsincewa ba.

ZAƁEN DA MUKE YI A BAIBAI

Tun da zaɓe yana gyara iri, to yana iya ɓata shi. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara, kuma daga Madawa har Tamaske muna cin albarkarta. Amma me wasunmu ke yi? Manya masu kyau a cika buhu a kai kasuwa, ƙanana da masu rassa a bar su na iri. Mafi muni, albasar da ta yi saurin fid da kara ta yi fure tun shekarar farko, maimakon a tumɓuke ta, sai a ce an samu iri a banza. Wanda ya tara wannan iri, halin saurin fure ya tara. Bayan ƴan shekaru rabin fagensa kara ne ba kai. Irin albasa na ƙwarai shekara biyu yake ɗauka: ka zaɓi kawuna masu kyau, masu launi ɗaya, waɗanda suka jure ajiya ba su ruɓe ba, ka sake dasa su. Kuma kada farar albasa ta yi fure kusa da su.

Haka a garke. Layya ta zo, rago mafi kyau shi ke tafiya kasuwa. Bunsuru mai ƙashi a sayar a yi biki. Wa ya rage yana hawan mata? Ƙanƙanen da ba wanda ya taya. Namiji guda rabin garke ne, don kowane ɗa rabinsa daga gare shi yake. Fulani Bororo sun fi mu sanin wannan. Makiyayinsu yana iya lissafa maka uwar saniya da kakarta da kakar kakarta, kuma yakan yi tafiya mai nisa don neman bijimin da ya yarda da asalinsa. Aikin da gwamnati ke yi ke nan a Tukunus, cikin ƙasar Filinge, inda aka daɗe ana zaɓen shanun Azawak saboda nono, da kuma gidan kiwon jar akuya na Maraɗi. Bunsurun da ba ka so ya bar zuriya, a dandaƙe shi tun yana ƙarami, zai ma fi ƙiba. Kuma kada uba ya daɗe yana hawan ɗiyansa da jikokinsa. Nan ne munanan halayen da ke ɓoye suke gamuwa da juna, kamar farin wake biyu a tafin hannu. A yi musaya da wani ƙauye.

IRIN GIDA DA IRIN MA'AIKATA

Ana yawan tambayata wanne ya fi. Ni a ganina tambayar ba ta tsaya daidai ba. Irin HKP da ma'aikatan gona ke rabawa, daga hatsin manoman ƙasar Zabarma aka tsamo shi, aka yi ta zaɓen mai sauri. CIVT a Tarna ta Maraɗi aka haɗa shi daga irin manoma dabam-dabam. Hukumar binciken noma ta INRAN, wadda aka kafa a 1975, da cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, aikin da kakanninmu ke yi da ido shi suke yi da awo da rubutu. A 2018 aka fito da Chakti, mai nuna cikin wajen kwana 65, mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. A shekarar da ruwa ya makara, irin waɗannan suna ceto. Amma tsuntsu yana tarar wa hatsin da ya riga kowa nuna, kuma mai son kara don danga da dabbobi zai ga gajartarsa. Mai gona biyu ya shuka kowanne, kada ya yar da na gida. Kuma tun da iska tana gauraya hatsi, irin ma'aikata yana son a sabunta shi bayan damina uku.

Masu lambu kuma su duba takardar irin tumatir da kabeji. In an rubuta F1, wannan kamar dogayen waken Mendel ne na farko, duk kansu ɗaya, gwanin kyau. In ka tara ƴaƴansu ka shuka, abin da ke ɓoye zai fito, kowane da kamarsa. Wannan ba algus ba ne, haka halinsa yake.

To, ga yadda za a fid da irin hatsi. A shiga gona tun yana tsaye, kafin yanka, don a rumbu zangarniya kawai kake gani, ba ka ganin karan da ya haife ta. A bar gefen gona, a shiga tsakiya, inda bununin maƙwabta bai cika kaiwa ba. A guji na gindin gawo da na kan suri. A duba wanda ya cika ido tun daga gindi har baki, wanda kuturta ba ta taɓa ba, murzuna ba ta yi masa zobe ba, kuma ba shibra kusa da shi. Kada a tsaya kan goma ko ashirin. A tara ɗari biyu ko fiye, daga wurare dabam-dabam na gonar, don kada jinin ya ƙuntata. A shanya su da kyau, a ɗaure dabam, a ajiye inda hannu ba ya saurin kaiwa ranar da tukunya ta matsa. Baɗi kuma wajen rage hatsi, a tafi da tsoho mai ido, don akwai masu gane shibra tun tana ƙarama. Wadda ta tsere, a cire ta kafin ta yi bununi.

Mu a ajinmu mun yanke shawara. Ranar Asabar mai zuwa ba karatu a rumfa. Kowa zai zo da tsummoki ja, mu shiga gonar dattijon nan da ya amsa tambayar akuya, ya nuna mana waɗanda zai ɗaura wa alama, mu kuma mu rubuta dalilinsa a littafi. Ajin da ya yi irin wannan a ƙasar Buza ko Keita, ya aiko wa jarida da abin da tsofaffinsa suka faɗa, da sunan irin da suke shukawa.